Yadda Akuya Ta Shuka Gawo

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, muna ji.

Dabbobi suka sare itatuwa suka yi gawayi, zafi ya hana kowa sakat. Dila ya ce, "Hayaƙinmu ne ya lulluɓe sama kamar bargo. Sai mu yi shuka." Suka tara 'ya'yan gawo, suka ba Akuya ajiya.

Ranar shuka Kura ta ce, "Ina irin?"

Akuya ta ce, "Yaya Kura, ɗanɗanawa kawai na yi."

Ashe Akuya ta cinye irin duka. Kura ta zabura za ta cinye ta. Akuya ta ruga gabas, Kura na bin ta, tsoro ya sa tana ta zubar da kashi. Da damina ta sauka, gawo ya tsiro duk inda ta bi.

Dila ya ce, "Kura, kada ki ci ta. Bana kin kora ta gabas, baɗi ki kora mana ita yamma."

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu!