Sunan 'Yar Ilu Mai Faci

To, ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan haka. Labarin yau ba na barci ba ne, na gardama ne, kuma ni da na kai ƙarshe zan zare hannuna in bar ku da shi.

A Kwarin Maje an yi wani mai faci, Ilu, mutum mai sanyin hali, wanda ko taya ta fashe masa a fuska iyakarsa ya ce, "Allah ya kyauta." Shi da matarsa Barira sun daɗe ba haihuwa, sai da suka fara fid da rai sannan ciki ya zo. Wata ranar kasuwa da hantsi, yana tsugune yana neman inda iska ke fita a tayar wani, aka zo aka ce masa Barira na naƙuda, kuma jini ya ɓalle mata. Ilu ya watsar da kayan aiki ya zura a guje. A tsakiyar kasuwa, cikin ruɗewa, ya ɗaga murya ya yi bakance: "Tsakanina da Allah, duk wanda ya fitar min da Barira daga wannan, sunansa zan sa wa abin da aka haifa!" Masu tumatir sun ji, mahauta sun ji. Ku ma ku riƙe maganar.

Akwai wasu ƙawaye uku da suka yi makaranta tare tun suna 'yan mata, Tabawa da Hansatu da Uwani. Dukansu aikin asibiti suka faɗa, amma kowacce da irin nata asibitin, kuma ba sa haɗuwa a biki ba su tsokani juna kan na wa ya fi ba.

Tabawa ce ungozomar ƙaramin asibitin garin. Mutanen gari ne suka gina shi da damman hatsin da suka tara bayan kaka, kwamitin dattawa ke riƙe da shi, kuma dattawan nan, ku bar su kawai, ko tsintsiya ta ɓata sai sun kira zama. Saboda wannan sa idon, keke-napep ɗin ɗaukar marasa lafiya bai taɓa kwana babu fetur ba. Aka kirawo Tabawa gidan Ilu, tana ɗora hannu a kan cikin Barira ta ce, "Wannan ba haihuwar ɗaki ba ce, a fito da ita." Gwaggon Ilu ta tare ƙofa, wai su duk a ɗaki suka haihu, wai 'yan boko ba su san komai ba sai yanka mutane. Babu irin maganar da ba ta yaɓa mata ba. Tabawa ta shanye, ta ce, "Gwaggo, ki zage ni idan mun dawo," ta ɗaura wa Barira ruwa, ta hau keken tana riƙe da ledar a sama har babban gari. Da ta saurari Gwaggo, da la'asar ba ta riski Barira ba. Sai dai asibitin Tabawa ɗakuna biyu ne, ba likita, ba ɗakin tiyata, abin da ta iya ke nan.

Hansatu likita ce a babban asibitin gwamnati, inda ƙofa ke buɗe ga kowa, mai ciki ba a tambayar ta ko sisi. Shi ya sa layi ke fita har gindin bishiya. Ta ga an shigo da Barira, ta tashi ta bar masu jira suna gunaguni, har wani tsoho na cewa tun safe yake zaune. Ta duba ta ce mabiyiya ce ta tare wa ɗa hanya, sai an yi aiki yanzu-yanzu. Hannun Hansatu kuwa ba a magana, duk yankin babu wanda ya kai ta. Amma wayyo, babu wuta! Injin ba da wutar ya lalace tun kafin damina, ana jiran wani ya sa hannu can a babban birni, firjin ajiyar jini kuwa ya zama wurin ajiye tsumma. Ilu ya ga likita tsaye, safar hannu a sanye, ba ta da inda za ta yi aiki.

Uwani kuma tana bayan katangar asibitin nan, a ɓangaren da gwamnati ta damƙa wa wani kamfani ya gudanar. Gini na gwamnati, kayan aiki da ma'aikata na kamfani. Mutane na kiransa Ɓangaren Sanyi, don wutar hasken rana ba ta ɗaukewa, kuma ko'ina tsaf kamar an lashe. Akwai jini, akwai ɗakin tiyata. A yarjejeniyarsu an ce talaka ma yana da gado, amma sai manaja ya amince, manaja kuwa ya tafi taro, wayarsa a kashe. Likitan tiyatarsu ma daga birni yake zuwa ranakun da aka tsara, don kamfani ba ya son riƙe likita yana zaune. Hansatu ta aika a kira ƙawarta. Uwani, wadda makullai ke hannunta, ta dubi Ilu da baƙin taya a hannunsa, ta dubi Barira da idonta ya yi fari fat, ta ce, "Ku shigo da ita. In kora ce, a kore ni." Ta buɗe ƙofar da ke tsakanin ɓangarorin biyu, wadda har ta yi tsatsa don rashin buɗewa, ta fito da jini.

Haka aka yi aikin, likitar gwamnati a ɗakin kamfani, ungozomar ƙauye na riƙe da hannun mai naƙuda. Ilu na waje ya haɗa kai da bango yana ta salati. Kafin a kira la'asar ya ji kukan jaririya. Ya durƙushe a wurin, hawaye na zuba, shi kansa bai san yana kuka ba. Uwa lafiya, 'ya lafiya.

To, a nan gizo ke saƙar, domin bakancen nan bai mantu ba. Ilu ya so a ce tagwaye ne, ko ya rage nauyi, amma Allah guda ya bayar. Gari ya rabu uku. Mahauta suka ce Tabawa, don da ba ta fitar da ita ba, wa zai gan ta balle ya cece ta? Masu tumatir suka ce Hansatu, don keke ba ya ciro ɗa, makulli ma haka. Direbobin tasha suka ce Uwani, don ita kaɗai ta sa hanyar abincinta cikin haɗari, ga shi har manaja ya dawo yana ta huci. Kowane ɓangare kuma yana da abin gorantawa: wancan asibiti ba likita, wancan ba wuta, wancan sai da izini.

Ilu ya je wurin su ukun, kowacce ta yi dariya ta tura shi gaba. Ya koma ga Barira, ta ce, "Malam, ni ban san inda kaina yake ba ranar. Kai da ka yi alkawari da Allah, kai ka san wadda ka gani." Ya tambayi liman ko za a haɗa sunayen uku. Liman ya girgiza kai ya ce, "Ilu, 'sunansa' ka ce, ba 'sunayensu' ba. Jama'a shaida ne."

Ranar suna ta zo. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, goro na zagayawa, rago na ɗaure, mahauci ya wasa wuƙa. A cikin gida ƙawayen nan uku na zaune gefen Barira, suna karɓar jaririyar hannu zuwa hannu, har Gwaggo na zuba wa Tabawa kunu tana sunkuyar da kai. Liman ya gyara zama, ya karkato da kunnensa wajen bakin Ilu don a raɗa masa. Ilu ya buɗe baki.

Ni nan na tsaya. Ku da kuka iya gardama, ga kunnen liman nan yana jira: tsakanin wadda ta kai ta, da wadda ta yi aikin, da wadda ta buɗe ƙofa, sunan wa ya kamata Ilu ya raɗa?