Rana Daga Yamma a Makarantar Alhaji Ɗangaske

Alhaji Ɗangaske ya gina makaranta, yana son hukuma ta ba shi shaidar gini mai kiyaye muhalli. Sharaɗin shi ne hasken rana ya wadaci azuzuwa da safe ba tare da lantarki ba. Sai ya kira Barira, mai zanen gini, ta gwada a kwamfuta.

Ta ce, "Alhaji, manhajar ta nuna duhu. Tagoginka duk suna yamma, gabas kuwa bango ne. Sai an fasa."

Ya ce, "Bangon da na yi wa fenti jiya? Ba za a taɓa ba. Ki samo min shaidar, in ba haka ba ki ajiye aikin."

Ta ce, "Akwai hanya. Ranar cikin kwamfuta tana jin magana. Zan iya sa ta fito ta wajen tagogin."

"Yawwa 'yata! Danna!"

"Zan danna, amma hukuma za ta zo da safe ta duba. Sai mu yi addu'a ta sama ma ranar ta fito daga yamma."

"Amin!" in ji Alhaji. Sai kuma ya zaro ido.

Ta ce, "Ka dai gama tuba ko, Alhaji? Malamai sun ce duk ranar da rana ta fito daga yamma, ranar nan ake rufe ƙofar tuba."

Ya cire hula yana salati. "Ɗauke yatsanki daga kwamfutar nan! A kira magina, su zo da guduma."