Tulun Gwauruwa da Hannun Na'ura

Akwai wata gwauruwa wadda ta rasa mijinta, abin da ta samu a madadinsa kaset ɗaya ne tak. Mijin, Malam Barnaba, shi ne mai koyar da waƙa a majami'arsu. Ran godiyar kaka ya tashi ya rera sabuwar waƙa, wani ya ɗauka a rikoda. Bai kai ga koya wa kowa ita ba Ubangiji ya kira shi.

Ita kuwa matar, ita ce mai buga tulu a zumuntar mata, duk gundumar ba mai hannunta, ta kuwa san da haka. A ranar, rikodar tana dab da ƙafarta. Duk inda ta dirka wa tulun, sai muryar malam ta nutse. Baitin ƙarshe kuwa, da ya sassauta murya, ba wanda ya iya tsintar kalma ɗaya a ciki. Ga sujadar tunawa da shi ta matso, mata suna jira a ba su waƙar.

Sai ta ɗaure kaset a bakin zane, ta tafi birni wurin Sila, mai ɗakin ɗaukar waƙa. Ya juye shi cikin kwamfuta, ya saurara.

Ta ce, "Cire mini tulun nan. Mijina na zo ji, ba kaina ba."

Ya ce, "Mama, ba zai ciru ba, tare aka ɗauke su. Amma akwai na'ura, kwamfuresa, kamar hannu take. In ƙara ta taso ta danne ta, in ta wuce ta saki. Sakin ne aikin."

"Wane saki? Danne shi, kada ka ɗaga. Ni ba a yi mini rabin aiki."

Ya yi yadda ta ce. Tulun ya yi laushi, har ta gyara zama. Amma hannun na'urar bai tashi ba lokacin da malam ya buɗe baki, muryar ta fito kamar daga ƙarƙashin bargo. Kafin muryar ta farfaɗo, wani bugun ya sake zuwa.

Ta miƙe tsaye. "Ka binne mini shi karo na biyu! Sake shi, maza!"

Ya sa na'urar ta riƙa saki nan take. Sai rugugin tulun ya dawo da ƙarfi, tarin tsofaffi da kukan jarirai suka yi ta kumbura suna sacewa, waƙar tana haki kamar mai ciwon ƙirji. Matar ta toshe kunne.

"Ɗan nan, da ni kake wasa? Ba ni kaset ɗina."

Ya ce, "Ga shi, Mama. Amma ke kika buga tulun. Tsakanin bugunki da shigowarsa, yaya kuke yi? Ni ban sani ba."

Ta tsaya, hannunta a kan kaset. Can ta zauna, ta bugi cinyarta, ta ja numfashi ɗaya, ta gyaɗa kai. "Nan yake shiga. Kullum sai na numfasa."

Ta ci gaba da bugun cinya, shi yana murɗa na'urar kaɗan kaɗan, har sakin ya faɗa daidai kan numfashinta. Tulun bai ɓace ba, yana nan daram. Amma bayan kowane bugu sai ga malam, sarai: "In dare ya yi mini, ba a hannun duhu zan kwana ba."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Bugun tulu shi ne masifar da ke sauko wa mutum ba sallama. Hannun na'ura zuciyarka ce. In ta ƙanƙame sa'ad da abu ya same ka, ba zunubi ba ne, haka Allah ya yi ta don kada ka tarwatse. Wani tun a bakin kabari yake cewa ba komai, yana murmushi, alhali cikinsa haki yake, ya yi saurin saki. Amma mu da muka fi yawa, riƙewa muke yi. Shekara ta juyo muna dunƙule, mun daina gaisuwa, mun daina waƙa, muna cewa Ubangiji ya yi shiru. Bai yi shiru ba. A hankali yake magana, dab da bayan bugun, hannunka ne bai ɗaga ba. Ba kuwa wanda zai auna maka lokacin daga waje, kai ka san inda numfashinka yake.

Matar nan, ko a kasuwa ba a taɓa jin ta yarda da ciniki da wuri ba. Ta sake roƙon Sila ya rage tulun ko ƙanƙani, ya ce in ya rage, malam zai tafi tare da shi. Ta dubi na'urar, sannan ta ce, "To, na saya. Duk ranar da zan ji muryarsa, sai na ji bugun. A bar shi haka."