Mai Lambun da Ya Ɗaura wa 'Yarsa Kwaɗo

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi, wanda duk ƙauyen suka san shi da iya ban ruwa. In ya ga fangali ɗaya ya cika har ya tumbatsa, na kusa da shi kuwa ya bushe, ba ya zagin albasa. Sai ya naɗe wando, ya bi hanyar ruwan a hankali har ya tarar da inda ta karkace, ya gyara da fartanya. Maƙwabta har tsiya suke yi masa, wai da albasa tana magana da ta kira shi baba.

Mutumin nan yana da 'ya mai suna Keziya, shekararta bakwai. Tun da aka yaye ta zanenta bai taɓa bushewa ba. Tana zagayawa ta yi fitsari kamar kowa, amma kafin ta dawo ta zauna ta sāke jiƙewa. Zazzaɓi kuma yakan kama ta a kai a kai, da ciwon kwiɓi.

Uban ya ce lalaci ne. Ya yi faɗa, ya sa tsumagiya, ya hana ta shan ruwa da yamma, duk a banza. Uwar ta ce masa, "Maigida, yarinyar nan ba da gangan take yi ba. Mu kai ta asibiti."

Ya ce, "Asibitin me? Fitsarin kwance ne, kunya ce maganinsa."

Wata Asabar da safe ya kamo kwaɗo a lambu, ya ɗaura mata a ƙugu da igiya, yadda ya ga ana yi tun yana yaro. Ya kira yaran unguwa, suka bi ta suna tafi suna dariya har bakin rijiya. Da aka kwance kwaɗon, Keziya ta dube shi ta ce, "Baba, ni ban san lokacin da fitsarin yake fita ba." Bai saurare ta ba. Daga ranar ta daina zuwa makarantar Lahadi, in ta ji motsin kekensa kuwa sai ta shige bayan rumbu.

Bayan 'yan makonni zazzaɓin ya kwantar da ita har ba ta gane mutane, dole ya ɗauke ta zuwa asibitin birni. Likita ya ɗauki hoton cikinta, sa'an nan ya zana wa uban a takarda. Ya ce, "Ga ƙoda biyu. Kowace tana da siririn bututu mai kai fitsari mafitsara. Na wannan gefen ya wuce mafitsara ya buɗe a ƙasa, shi ya sa yake ɗiga ba tsayawa. Da haka aka haife ta. Ko kai aka haifa haka, da wandonka bai bushe ba."

Mai lambu ya zura wa takardar ido. Abin da yake gyarawa kullum ne, hanyar ruwa da ta kauce wa fangali. Shekara da shekaru yana bin ta albasa da haƙuri, ta 'yarsa kuwa bai bi ba ko sau ɗaya.

Aka yi mata aiki, zane ya bushe, ko da yake ƙodar gefen nan ta riga ta sha wuya saboda jinkiri. Amma da suka koma gida, in ya miƙa mata hannu sai ta ja da baya. Wannan ya fi kome yi masa ciwo. Sai ya tara yaran da suka yi mata dariya, da iyayensu, a bakin rijiyar nan. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Keziya, ba ki da laifi. Ni na yi miki laifi. Ki gafarta mini."

Yarinyar ta ce, "Baba, ai na faɗa maka." Sa'an nan ta kama hannunsa ta tashe shi.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin. Mai lambun nan mu ne, masu haƙuri da gona da akuya, masu saurin hukunta na cikin gida. Jiƙaƙƙen zane shi ne abin da ido yake gani, bututun da ya kauce kuwa shi ne rauni na ɓoye da mutum bai zaɓa wa kansa ba. Ubangiji da ya siffata mu a cikin uwa ya san kowace hanyar da ta karkace a jikinmu da zuciyarmu, bai kuwa taɓa tara mana 'yan dariya ba. Yaron da ba ya bushewa, ko fitsarinsa yake fita da ƙyar, ku kai shi wurin likita da wuri, ku yi masa addu'a, ku ajiye tsumagiya. Wanda kuma ya riga ya ɗaura kwaɗo a gaban jama'a, a gaban jama'ar zai durƙusa. Yau in kun koma gida, ku tuna ko akwai wanda ya riga ya faɗa muku, ba ku saurara ba.