Duna Mai Cin Tarba

An yi wani kare mai suna Duna a gidan karnuka marasa galihu, inda Iya Kunkuru ke ba da su ga masu son riƙo. Duna kwaɗayayye ne na ƙin ƙarawa. Abokiyar zamansa Tabo kuwa, haƙuri ne da ita kamar me.

Dokar Iya ɗaya ce: karen da aka dawo da shi sau huɗu, ya zauna ke nan, ba a sake ba da shi.

To, Duna ya lura da wani abu. Ranar farko a sabon gida, nama da romo ake tarbar kare da su. Washegari sai ƙanzo. Sai gogan naka ya tsiro da dabara: ya ci tarba ya yi nak, gari na wayewa ya tafka ɓarna, a dawo da shi.

Gidan farko ya tarwatsa kaji. Na biyu ya yaga zanin da aka shanya. Na uku ya faɗa tukunyar kunu, ya fito fari fat yana atishawa.

"Wayyo cikina!" in ji Duna, yana birgima don dariya. "Tabo, ba ki waye ba. Gida uku, walima uku!"

"Saura ɗaya fa, Duna."

"Ke rufe mana baki! Wa ya taɓa ɗaukar ki?"

Iya ta miƙo wuya. "Ɗan nan, ina ƙirgawa."

"Ƙirga mana, Iya! Kafin ki kai huɗu na tsufa. Kare irina wa zai bari ya zauna?"

Ran nan wani Malam Tanimu ya zo ya ɗauki Duna. Kai, ranar an ci daɗi! Hanta, haƙarƙari, har da ɓargo. Da sassafe, tun kafin a hura wuta, Duna ya tauna takalmin maigida, ya haɗa da hularsa.

Malam Tanimu ya jawo shi har gaban Iya.

"Iya, ga karenki. Ni mahauci ne, kullum sai nama ya ragu a gidana. Mai taya ni cinyewa nake nema, ba mai cin hula ba."

Kunnuwan Duna suka miƙe. "Kullum?"

"Kullum."

"Maigida, wasa nake! Wallahi takalmin ne ya fara tsokanata!"

"Huɗu," in ji Iya Kunkuru. "Tabo, taso ki bi Malam."

Duna ya zura hanci ta shinge yana kallon su har suka sha kwana. Ya yi kuka, ya yi kuka, ba wanda ya waiwayo.

Darasin wannan labari shi ne, yara, wanda ya mai da gidajen mutane wurin cin tarba kawai, ranar da ya dace da gidan zama na gaskiya, da kansa zai yi wa kansa sanadin kora.