Ranar da Fergal Ya Kashe Makirfo a Bakin Rijiya

Akwai wani mutum a nan gaɓar tekunmu ta yammacin ƙasar Ayalan mai suna Fergal. Aikinsa raka baƙi yawon yini ɗaya a bas, daga duwatsun bakin teku zuwa rijiyar waliyyi, a ƙarasa da kufan gidan sarautar da ke kan tsibiri.

Fergal ya iya baki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. In ya fara labarin ƙaton da ya yi jifa da duwatsun nan don fushi da matarsa, sai ka rantse a gabansa aka yi. Matsalarsa ɗaya ce, bai yarda shiru yana da wani amfani ba. Dervla, matar da ke tuƙa bas ɗin, kullum sai ta tsokane shi.

"Kai dai ko a jana'izarka sai ka tashi ka yi wa mutane bayani," in ji ta.

"To in ban yi ba wa zai yi? Ke?"

Shi kufan tsibirin ba a zuwa sai teku ya janye, a taka ta kan yashi. In aka makara ruwa ya dawo, sai dai a hango shi daga nesa. Fergal kuwa yana alfahari bai taɓa makara ba.

Wata Asabar wata tsohuwa mai suna Nuala ta shiga cikin baƙin. Da aka tsaya a rijiyar waliyyi, ta cire takalmanta ta fara zagaye kamar yadda iyayenmu suke yi: ƙafa ba takalmi, ta hannun dama, sau bakwai, baki a rufe. Wanda ya yi magana kafin ya gama, sai ya koma farko.

Fergal ya san wannan sarai, amma da ya ga baƙi sun zuba ido, bakinsa ya yi ƙaiƙayi. Ya ɗaga makirfo.

"Jama'a, ga tarihi yana tafiya da ƙafarsa! Mama, sannu da ƙoƙari. Ruwan bai yi sanyi ba?"

Tsofaffinmu kuwa ba sa iya jin gaisuwa su yi shiru. Nuala ta waiwayo ta ce, "Yauwa, ɗana." Sai ta tsaya cak. Tana zagaye na biyar ne. Ta sunkuyar da kai, ta ja ƙafa ta koma inda ta fara.

Dervla ta sauko daga mota ta fizgi hannunsa.

"Kai wane irin mutum ne? 'Yar ƙauyenmu ce. Daga wannan gaɓar mijinta ya fita kamun kifi, har yau ko hularsa ba a gani ba. Kowace shekara takan zo ta yi masa zagaye. Jibi 'yarta za ta tafi da ita birnin Boston na Amurka, ba kuma dawowa za ta yi ba."

Fergal ya dubi tekun, ya ga in ba yanzu aka tashi ba, an rasa tsibiri. Ya dubi tsohuwar tana ɗingishi a kan tsakuwa, ya san ba za ta gama da wuri ba. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

Ya juya ga baƙin. "Yau ba za mu shiga tsibiri ba. Laifina ne. Ni na ɓata wa matar nan ibadarta, kuma sai ta gama za mu tashi."

Wani dogo mai ƙatuwar kyamara ya taso. "Malam, don tsibirin na zo, ba don kallon tsohuwa ba!"

"Gaskiyarka, yallaɓai. Ka kai ƙarata ofis, sunana Fergal. Amma don Allah ka sauke kyamarar."

Ya kashe makirfo ya tsaya a bakin hanyar rijiyar, don kada wani ya sake matsa mata. Baƙi suka yi ta ƙunƙuni, daga baya suka gaji suka yi shiru. Babu abin da ake ji sai iska da takun Nuala. Har Dervla ta riƙa satar kallonsa, don ba ta taɓa ganin bakin nan a rufe haka ba.

Sanda Nuala ta gama, ruwa ya riga ya rufe hanyar tsibiri. Fergal ya durƙusa ya miƙa mata takalmanta.

"Mama, ki yafe mini."

"Ba komai, ɗana. Ara mini abin maganar nan naka."

A cikin mota ta riƙe makirfo da hannu biyu. Ta nuna wa baƙin inda jirgin ruwan Tadhg, mijinta, ya karya kwana a safiyar da ya fita. Ta gaya musu yadda yake cin dankali da gishiri har ya yi yawa, da yadda matan ƙauye suka yi mako suna tsayawa tare da ita a kan dutse.

"Tun daga nan ni kaɗai nake zuwa," in ji ta. "Yau ne kawai, ranar ƙarshe, na ɗago kai na ga mutane tsaye suna jirana."

Dogon nan ya juya fuskarsa wajen taga. Har aka koma gari babu wanda ya sake ambaton tsibiri.

Darasi: Ba kowane shiru ne yake buƙatar ka cike shi ba, wani shirun addu'ar wani ne. In kuma bakinka ya yi ɓarna, ka amsa laifinka ka gyara, ko da gyaran zai ci abin da kake alfahari da shi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu saurin baki irin namu.