Takwarar Innar Akuya

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata shekara inuwa ta ƙare a daji, don duk tsiron da ya leƙo sai Akuya da ƙawayenta su cinye. Zaki ya yi gargaɗi har muryarsa ta dushe, ko a jikinsu.

Rannan Akuya ta tarar da tsoho Kunkuru yana ba wata 'yar tsamiya ruwa. Ta miƙa baki.

Kunkuru ya ce, "Ci abinki, 'yata. Amma jiya na raɗa mata suna Kyalla, sunan marigayiya innarki. Ita ta taɓa tashe ni da na faɗi rigingine."

Idon Akuya ya ciko. Ta ce, "Baba, ina ni ina sa wa takwarar Inna haƙori?" Ta jawo ƙaya ta kewaye tsamiyar, kullum da safe sai ta zo gaishe ta.

Tunkiya ta gani, ta ce, "To, mu iyayenmu ba su da suna ne?" Kafin damina ta fita, kowane tsiro ya samu suna da mai tsaronsa.

Har yau in rana ta take, 'ya'yan Akuya sai su nufi inuwar tsamiyar suna cewa, "Mu je wurin Kaka."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Mai musu ya je ya tambayi tsamiyar.